Shekarar da Aka Ce Na Ƙi Tuwon Rakiya

Ku 'ya'yana, na san labarin da Gwaggonku Hajo take ba ku duk lokacin da aka taru a gidan biki: wai a Alƙahira na yi wata guda ina ƙin cin tuwon mahaifiyarku, har sai da manya suka shiga tsakani. Ba zan ce ƙarya take yi ba, domin manya sun shiga tsakani, tuwon kuma ya sha zama yana hucewa a gabana. Amma Hajo ba ta taɓa taka ƙasar Masar ba. A bakin mata ta ji, su ma a bakin wasu suka ji. Tun da ƙarfina ya fara raguwa, gara in rubuta muku yadda abin ya faru, gwargwadon abin da na iya tunawa.

A ƙarshen shekarun saba'in ne. Na gama karatun harshen Larabci, ina jiran takardar shaida ta fito, kullum in je ofis a ce mini bukra, wato gobe. Muna zaune a unguwar Abbasiya, a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a hawa na uku, ni da mahaifiyarku Rakiya, tana da ƙaramin ciki, na fari. A Katsina mahaifina ya riga ya yi magana da mutane, an ajiye mini gurbin koyarwa a wata makarantar Larabci. Mahaifiyar Rakiya kuwa ta aiko cewa ta fara tara itacen wanka, domin kowa ya san haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Komai a shirye yake. Takarda kawai za ta fito mu hau jirgi.

Zaman jiran nan ne ya kai ni unguwar Ma'adi. Tun ina yaro ina son ƙawata rubutu, sai mai shagon da nake sayen alƙalami da tawada ya yi mini kwatancen wani dattijo, Ustaz Fu'ad, tsohon malamin zane, wanda yake karɓar ɗalibai a gidansa da rana. Na hau jirgin ƙasa na tafi da niyyar koyon adon rubutu. Da na shiga, sai na tarar da samari da 'yan mata zaune kewaye da tebur, sun zuba wa tulu ɗaya da albasa da gutsuren burodi ido kamar masu jiran su yi magana. Na so in juya, saboda abin da na karanta a kan hukuncin zanen siffa. Na yi kwanaki ina buɗe littattafai, ina bin malamaina da tambaya. Mafi yawansu suka ce abin da ba shi da rai babu laifi a zana shi. Ban ce babu saɓani ba, Allah ne masani, amma a kan wannan na tsaya, kuma har yau ban zana ko sauro ba.

Ranar da ta juya mini rayuwa, Ustaz ya sa aka rufe tagogi da tsakar rana, ya kunna majigi. Ya ce yau ba za mu zana komai ba, za mu ga abin da 'yan Adam suka ci. Hoton farko bangon kabari ne na mutanen Fir'auna: tebur maƙil da burodi da ɓaure da inabi, ga cinyar sa, ga agwagi a rataye, ga albasa ɗauri-ɗauri. Na ce a raina, ai wannan albasar na saya wa Rakiya jiya a kasuwa, har ɗaurin iri ɗaya ne! Sai ya wuce zuwa wani garin Rumawa da tokar dutse ta binne. A bangon wani gida an zana 'ya'yan itace da tulun gilashi rabinsa ruwa, kana ganin haske ya ratsa ruwan. Mai gidan ya zama ƙasa, ruwansa bai ƙafe ba. Daga nan sai ƙasar Sifen: taga baƙa ƙirin, an rataye kabeji da zare, babu komai sai shi da wani ɗan itace da yankan kankana, kamar ɗakin mai gudun duniya. Sai mutanen Holan, 'yan kasuwar teku, su kuwa wadata suka baje: cuku, kifi, barkonon da suka sayo daga nesa a ƙunshin takarda, da lemun tsami da aka fere, ɓawon ya sauko daga bakin tebur yana lanƙwasa. Amma in ka dubi tsakiyar wadatar da kyau, sai ka ga inabi ya fara ruɓa, ko tsutsa ta huda tuffa. Ustaz ya ce da gangan suke yi, don mai kallo ya tuna komai mai ƙarewa ne. Na kusa miƙewa tsaye. Wannan ai wa'azi ne, wanda na sha ji a masallaci, ga shi an yi shi da fenti ba a furta harafi ko ɗaya ba! Na ƙarshe daga Faransa yake, tuffa ce kawai a kan farin ƙyalle, mai zanen bai damu da a ci ba, yadda ja yake shiga cikin kore ne ya dame shi. Sai aka buɗe tagogi.

Ustaz ya juyo gare ni. Shehu yake kirana, don tsokana, saboda karatun da na yi.

"Kai kuma, ya Shehu, me kuke ci a ƙasarku?"

"Tuwo, ya Ustaz."

"A ina zan ga hotonsa?"

Na ce, "Mai yiwuwa wani ya zana ban gani ba. Ba zan iya cewa babu ba. Amma ni dai ban taɓa gani ba."

"Mutum nawa ke cin sa?"

"Ba su ƙirguwa."

"Kuma babu wanda ya zauna ya dube shi? Yalla, je ka dube shi. In ka kawo mini zanen da ya gamsar da ni kafin a rufe ɗaukar ɗalibai, zan kai sunanka makarantar horar da malaman zane. Suna jin maganata. Shekara biyu ce."

A motar komawa na wuce Abbasiya ban sani ba, sai da kwandasta ya taɓa ni a ƙarshen layi. Washegari, saboda agwagin kabarin nan sun tsaya mini a rai, na je wurin wani malamina na tambaye shi ko yankakkiyar agwagwa tana cikin masu rai ko marasa rai. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗana," ya ce, "ka zana albasa ka huta."

Da na gaya wa Rakiya, dariya ta yi har ta riƙe ciki.

"Tuwo za ka zana, Malam? Ga masallatai, ga kogi, duk ba su ishe ka ba sai tuwo?"

Na gaya mata maganar makarantar. Na ce mai yiwuwa ne kawai, babu tabbas, wataƙila ma ba za a ɗauke ni ba.

"To in an ɗauke ka fa?"

Na ce sai mu ga abin da Allah zai yi. Ta daina dariya, ta tashi ta ɗora tukunya.

A wancan lokaci uban duk wani Bahaushe a unguwarmu shi ne Alhaji Mamman, ɗan kasuwa daga Damagaram, wanda ya daɗe a Masar har ya iya faɗa da masu tasi da harshensu. Gidansa yana tsallaken lungu, barandarsa tana kallon tagarmu. Matarsa, Hajiya Mero, ita ta ba mu kuka da daddawa daga cikin ajiyarta, ta ara mana baƙin akushi da faifai, ba ta tambayi dalili ba. Garin dawa kuma a wurin 'yan'uwanmu na Sudan na samo. Haske mai kyau bayan azahar yake shigowa ta tagar nan, don haka a nan na shimfiɗa tabarma, na ajiye akushi da malmala ɗaya, kwanon miya a gefe, faifai a jingine. Na zauna na duba. Ku yarda da ni, na yi shekaru ina cin tuwo ban taɓa ganin sa ba sai ranar. Ashe ba launi ɗaya gare shi ba! Gefen taga yana da hasken ƙasa-ƙasa, gefen inuwa yana ɗaukar baƙin akushi har ya yi shuɗi-shuɗi, ga santsin da mara ta bari a bayansa, ga tururi yana tashi yana karkata. Na riƙa kiran Rakiya ta zo ta gani, tana cewa ta gani tun a tukunya.

Matsalar ita ce tuwo ba tuffa ba ne. Tuffa takan yi mako a kan tebur ba ta sauya ba. Tuwo kuwa kafin ka haɗa launi tururin ya tafi, can ya yi fata, can ya tsage, miya ta yi duhu ta kwanta. Dole kullum a tuƙa sabo, a yi malmala daidai da ta jiya. Ni kuma ba na iya ci sai hasken ya gushe wajen la'asar, lokacin ya yi sanyi ƙalau, sai in ja labule in ci abina, don ban yarda a zubar da ko loma ba. Allon zanen yana daga ciki, ba a hango shi daga waje. Abin da Hajiya Mero take gani daga barandarta shi ne: yarinya ta durƙusa ta ajiye wa mijinta abinci, miji ya zauna ya ɗaure fuska yana harararsa, bai sa hannu ba, har a ja labule. Yau haka, gobe haka. A wurinmu kuwa kun san ma'anar miji ya bar abinci a gabansa. Kafin mu farga, magana ta zaga matan ɗalibai har can unguwar Hayyin Ashir.

Wata rana Rakiya ta dawo daga gidan Hajiya, ta cire mayafi ta jefar a kan gado.

"An zaunar da ni yau, Malam. Wai me na yi maka. Wai in faɗi gaskiya, ba za a gaya wa kowa ba. Wata har ta kawo mini turaren da zan riƙa yi maka."

"Ba ki gaya musu zane nake yi ba?"

"Na gaya musu! Hajiya ta ce, Allah sarki, yarinya mai rufa wa miji asiri, ji ƙaryar da ta ƙago. Wa zai yarda namiji da hankalinsa yana zana tuwo?" Ta zauna a bakin gado. "Ni dai na gama. Khalas. Tuwona na ci ne. Da cikin nan nake tsayawa a kan tukunya, a ƙarshe a ce ban iya riƙe miji ba."

Ga shi zanen bai kai rabi ba, lokaci kuma yana tafiya. Na gwada kwaɓa gari da kaina, abin da ya fito ko kare ba zai duba ba. Ana cikin haka sai ga sallamar Alhaji Mamman, yana haki saboda matakala. Ya ƙi zama sai da ya yi mini nasiha a tsaye, a kan haƙƙin mace, da amanar 'yar mutane a ƙasar da ba ta da kowa. Na bari ya gama, domin ba a katse babba, sannan na juyo masa da allon. Ya matso, ya ja da baya, ya karkata kai.

"Wannan fa? Dutsen guga ne?"

"Tuwo ne, Baba."

"Tuwo!" Ya dubi Rakiya da take laɓe a bakin ƙofa. "'Yata, ashe gaskiya kika faɗa? Wallahi da fushi yake yi da ya fi mini sauƙi, na san maganin fushi. Wannan kuwa ban san inda ake kai mai shi ba."

Ya zauna ya sha shayi, na ba shi labarin kabarin Fir'auna da lemun Holan, ina yi ina tashi tsaye. Ya saurara fiye da yadda na zata. Da na ce duk al'ummar nan an ga abincinsu ban da namu, sai ya ajiye kofi.

"To, ban ce na gane ba. Amma ga hukunci. Abinci ba ya jiran mutum a gidan da nake uba. Daga gobe malmala biyu za a yi. Ta farko ka ci ta da zafinta, a bakin tagar nan, labule a buɗe, ka suɗe hannu yadda Hajiya za ta gani daga can. Ta biyu ka harare ta har Mahadi ya bayyana. In ka gama a kai wa ɗaliban da ke zaune a ƙasan benen nan. Ke kuma, 'yata, ki yi haƙuri ki tuƙa masa, ni zan gaya wa matan da bakina."

Haka aka yi. Kullum bayan azahar in zauna a taga in ci tuwo kamar mai wasan kwaikwayo, Hajiya Mero tana baranda tana gyaɗa kai, wani lokaci har ta ɗago hannu ta ce in ƙara miya. Rakiya kan tsaya a bayana tana dariya ƙasa-ƙasa. A cikin kwanakin nan ne ta fara leƙa allon, tana cewa gefen nan ya yi, wancan bai yi ba.

Da na gama, na naɗe shi a zanen gado na rungume shi a jirgi har Ma'adi, ina kare shi da gwiwar hannu daga masu turereniya. Ustaz ya jingina shi a bango ya daɗe yana kallo.

"Akushin ya yi," ya ce. "Wannan koren fa, mulukiyya ce?" Yana nufin miyarsu ta lalo.

"A'a, ya Ustaz. Kuka ce, garin ganyen wata babbar bishiya."

"To ban san ta ba. Tuffa na san ta, in ɗalibi ya yi mata ƙarya zan kama shi. Wannan ta yaya zan san ko gaskiya ka faɗa? Ba na yanke hukunci a kan abincin da ban ci ba. Ranar Juma'a bayan salla ina gidanka."

Ban taɓa ganin Abbasiya ta motsa kamar wannan Juma'ar ba. Matan da suka yi gulma su ne suka zo taya aiki. Hajiya Mero ta fito da man shanun da take ɓoyo, Alhaji ya sa babbar riga. Ni kuwa tun safe nake hawa da sauka, ina tunanin ko warin daddawa zai kore shi, ko yaji zai yi masa yawa, ko in sayo burodi saboda tsaro. Ustaz ya iso da kwat da ƙulli a wuya, ya cire takalmi ya zauna a tabarma da ƙyar. Ya nemi cokali.

"Ma'alish, yi haƙuri, ya Ustaz," in ji Alhaji, "cokalin wannan abinci a jikinka yake."

Ya nuna masa yadda ake yankar loma. Ustaz ya yanka, ya tsoma a miya, ya ɗaga. Miyar ta biyo lomar, ta yi zare, hasken taga ya shiga cikinta. Sai ya tsaya cak, hannu a sama, yana juya lomar a hankali yana kallo. Bai kai baki ba. Daga bakin ƙofa muka ji muryar Rakiya:

"Shi ma? Hajiya, zo ki gani, ashe ciwon nasu ɗaya ne!"

Alhaji ya fashe da dariya har ya sarƙe. Ustaz ya nemi a fassara masa, da aka fassara ya yi dariya shi ma, ya yi bisimilla ya ci. Ya ci, ya ƙara, gumi yana zuba, yana cewa tamam, tamam, wato ya yi. Da ya wanke hannu sai ya sa aka kawo zanen aka jingina kusa da kwanon.

"Ya Shehu, ka yi ƙarya a miyar. Taka a daskare take kamar fentin ƙofa. Wannan kuwa tana tafiya, haske yana bin ta. Ba ka iya ba tukuna."

Na fara cewa dama na yi zaton haka.

"Bari in gama. Ba ka iya ba, amma ka ga abin, kuma babu wanda ya riga ka. Koyon zana wannan zaren kaɗai zai ci maka shekara biyun. Gobe zan kai sunanka. Saura kai."

Ban san lokacin da na kama hannunsa da hannu biyu ba. Na raka shi har titi ina magana ba tsayawa, na dawo ina tsallake matakala. Sai da na shiga na ga baƙi sun watse, Rakiya ita kaɗai zaune a tabarma tana kallon zanen, hannunta a kan ciki, sannan murnar ta koma ciki. Shekara biyu tana nufin gurbin Katsina ya tafi, mahaifina ya ji kunya a gaban waɗanda ya roƙa. Tana nufin kuma itacen da aka tara zai jira a banza, domin kuɗin karatu ba zai kai ta gida ya dawo da ita ba. Na zauna nesa kaɗan. Na ce mata ban amsa ba tukuna, kuma in ta ce mu tafi za mu tafi, ba zan taɓa yi mata gori ba. Ina jin da gaske nake, ko da yake Allah bai jarrabe ni ba balle in tabbatar.

"Inna ta ce ita za ta fara yi wa jaririn wanka," ta ce, ba ta dube ni ba. "Har ta sayi tukunyar."

Can ta ƙara da cewa:

"Hajiya Mero ta ce za ta yi mini, a nan, da ruwan famfo da risho. Ko ganyen wankan ban san inda za ta samo ba." Ta share ido da bakin zane. "Amma na ga fuskarka da mutumin nan yake magana. Tun da aka kawo ni ban taɓa ganin ka tabbatar da abu ba sai wannan. In na mayar da kai Katsina, allo za ka riƙa kallo kana ganin miya."

Abin da ya biyo baya kun san wani, ba ku san wani ba. An ba wani gurbin. Mahaifina ya daɗe bai ambaci sunana a zaure ba, kuma ban ce bai da hujja ba. Ke Ummi, a Abbasiya aka haife ki, Hajiya Mero ce ta fara yi miki wanka, kakarki ba ta gan ki ba sai da kika fara gudu. Wannan nauyin mahaifiyarku ce ta ɗauke shi, ba ni ba, kuma ita ce ta yanke maganar a ranar, da la'asar sakaliya, tana tattara kwanuka.

"Ka amsa masa," ta ce. "Shekara biyu, Malam. In ta uku ta shiga, ni da ɗana mun hau jirgi, kai ka zana naka jirgin ka biyo mu."